Bawan da Ya Binne Talanti, da Mai Na'ura a Ƙirji

Ya ɗan'uwa, in kana cikin waɗanda likita ya tsaga fatar ƙirjinsu ya sa musu na'urar daidaita bugun zuciya, na san tambayar da take damunka tun ranar da aka sallame ka. An maido maka da ranka. To, me za ka yi da shi? Ka lallaɓa shi a kan kujera kada ya sake kuɓucewa, ko kuwa ka tashi ka mora shi?

Da yawa kujera suke zaɓa, suna kiran abin hankali. Iyali ma sukan taya su: kada Baba ya ɗauki bokiti, kada ya taka zuwa sujada, a nemo masa mai babur. Ƙauna ce, ban musa ba. Amma ka tuna da bawan nan na cikin misalin Ubangijinmu, wanda ya haƙa rami ya binne abin da aka danƙa masa. Bai sata ba, bai ɓarnatar ba, tsoro kawai ya ji, aka kuwa tsauta masa. Zuciya tsoka ce, zaman banza yana raunana ta, na'ura kuma ba ta hana hawan jini ko ƙiba. Mai ƙin motsi yana ɓata abin da yake zaton yana tsarewa.

A 1958, a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, aka fara dasa wa ɗan Adam irin wannan na'ura. Sunansa Arne Larsson. Ya rayu har 2001, yana da shekara 86, bayan likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera na'urar duk sun riga shi rasuwa. Masu kallon ƙwallo kuwa ba su manta da Christian Eriksen na Danmak ba, wanda ya faɗi a fili a 2021 zuciyarsa ta tsaya. Aka sa masa na'ura mai farfaɗo da zuciya da lantarki, a 2022 ya koma wasa a Ingila. Ban kawo shi domin ka kwaikwaye shi ba, yana da likitoci kewaye da shi waɗanda ni da kai ba mu da su.

Nan ne ganganci yake shigowa da rigar bangaskiya. Wani zai ce Allah ya warkar da shi, ya rabu da dokar asibiti. Gwada Allah ke nan. Riƙon amana yana bukatar sani, saboda haka ka san abin da ke jikinka. Na'urar tana zaune ƙarƙashin ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa, siraran wayoyi kuma sun bi ta jijiyar jini har cikin zuciya. Makonni huɗu zuwa shida na farko ba a ɗaga hannun wannan gefen sama da kafaɗa, ba a ɗaukar kaya mai nauyi, sai wayoyin sun kama. Tafiya da ƙafa ita ce mafarin kowa.

Ɗauki injin nan na ɗakunan motsa jiki wanda ake zama a kai ana jan igiya kamar mai tuƙa kwalekwale. Yana da kyau ga zuciya, ba ya bugun gwiwa, yawancin ƙarfin kuma daga ƙafafu yake fitowa. Sai dai kafaɗa tana kai da komo sau ɗaruruwa, wayar kuwa takan ratsa tsakanin ƙashin nan da haƙarƙarin farko, inda yawan gogayya zai iya cinye ta. Daka a turmi da jan guga a rijiya ma haka suke, uwata, wannan magana har da ke. Kada ka hau injin sai likitan zuciyarka ya yarda, ka ja a hankali, ba da fizga ba. In injin mai maganaɗisu ne, kada maganaɗisun ya kusanci na'urar. Ko wayar salula ma santimita 15 ake so tsakaninta da ita, shi ya sa ba a sa ta a aljihun ƙirji.

In taka mai farfaɗowa ce, akwai adadin bugun da in zuciya ta haura shi na'urar za ta iya ɗauka haɗari ne ta sake maka lantarki, alhali gudu kawai kake yi. Tambayi likita wannan adadi, ka rubuta shi, ka tsaya ƙasa da shi da bugu goma zuwa ashirin a minti. Dambe da kokawa, da duk wasan da ake dukan ƙirji, ka bar wa samari. Jiri, ciwon ƙirji, ko numfashin da ya ƙi dawowa, ka dakata nan take ka nemi asibiti. Ranar da za ka fara, ka tafi da wani daga cikin 'yan'uwa, katin na'urarka kuma yana aljihun wando.