Wa Zai Faɗa wa Sarki Ya Yi Zunubi?

Karatu: 2 Sama'ila 12:1-14, Zabura 51

Idan aka ambaci sarakunan Roma a majami'a, sunayen da ke fara zuwa bakinmu su ne na waɗanda suka tsananta wa ikkilisiya. Mukan tuna Niron, wanda ya ɗora wa masu bi laifin gobarar da ta ci birnin Roma a shekara ta 64, ya sa aka karkashe su. Mukan tuna Diyokilishiyan, wanda a shekara ta 303 ya ba da umarni a rushe majami'u, a ƙone Littattafai Masu Tsarki. Labarinsu da zafi, amma ba shi da wuyar ganewa, domin maƙiyi yana waje, mu muna ciki. Sarkin da za mu duba yau ɗan'uwa ne. An yi masa baftisma, yana zuwa sujada, yana cin Jibin Ubangiji. Sunansa Tiyodosiyus, ya hau mulki a 379, shi ne kuma ya fitar da doka a 380 cewa talakawansa su bi bangaskiyar nan ta Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Idan irin wannan mutum ya zubar da jinin marasa laifi, wa zai buɗe baki? Wanda ya buɗe bakin kuma, ta yaya za mu san Allah ne ya aiko shi?

Abin ya faru ne a shekara ta 390 a Tasalonika, garin da Manzo Bulus ya rubuta wa wasiƙu biyu, garin da aka yi wa sarkin kansa baftisma shekara goma kafin nan. Mutanen garin suna son tseren karusai kamar yadda samarinmu ke son ƙwallo. Shugaban sojojin da ke wurin, wani mai suna Buterik, ya kama wani gwanin tsere a kan laifin lalata ya kulle shi. Jama'a suka ce a sako musu gwaninsu, ya ƙi. Gari ya yamutse, aka kashe Buterik. Da labari ya isa wurin sarki a Italiya, sai ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ba da umarnin ramuwa. Sojoji suka auka wa jama'a, ba bincike, ba shari'a, ba a tambayi wa ya yi jifa wa bai yi ba. Tiyodoret, marubucin tarihin ikkilisiya, ya ce mutum dubu bakwai ne suka mutu. Sarki ya sake tunani ya janye umarnin, amma ihu ne bayan hari.

Wani marubucin, Sozomen, ya ba da labarin wani ɗan kasuwa da aka kama 'ya'yansa maza biyu. Ya roƙi sojoji su kashe shi a madadinsu. Suka ji tausayinsa, suka ce za su karɓe shi a madadin ɗaya kawai, domin akwai adadin da aka ce su cika. Uban ya dubi wannan, ya dubi wancan, yana kuka, ya kasa zaɓa, har aka kashe su duka biyu a gabansa. Ku riƙe wannan uba a zuciya, za mu koma kansa.

A lokacin sarki yana zaune a Milan, bishop na garin kuwa Ambros ne. Shi ba baƙo ba ne a harkar mulki, gwamna ne kafin jama'a su tilasta masa zama bishop a 374, ya san fada ya san fadawa. Ya kuma san ikkilisiya ba ta taɓa samun sarkin da ya tsaya mata kamar wannan ba. Da ya yi shiru, ba wanda zai zarge shi. Tasalonika ba ƙarƙashinsa take ba, matattun ba 'yan majami'arsa ba ne, ga kuma hujja a shirye: wanda ya kashe jami'in sarki ya taɓa sarki.

Abin da ya yi ya isa a tsaya a kansa. Ya bar garin don kada su haɗu da sarki yana cikin zafi, ya zauna ya rubuta wasiƙa da hannunsa, ba ta hannun magatakarda ba, domin sarki kaɗai ya karanta. Wasiƙar tana nan har yau. Bai fara da zagi ba. Ya tuna wa sarki zumuncinsu, ya shaida cewa shi mai tsoron Allah ne, sa'an nan ya faɗa masa halinsa ƙiri-ƙiri: yana da zafin zuciya, idan aka lallashe shi yakan sauko da wuri ya yi jinƙai, idan aka zuga shi kuwa da ƙyar yake iya dawowa. Mu ma muna cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Amma Ambros bai bar sarki ya ɓuya a bayan fadawa ba. Ya kawo masa labarin Dawuda da annabi Natan, ya nuna masa cewa sarkin da ya fi shi daraja ya amsa laifinsa bai ragu da kome ba. A ƙarshe ya ce ba zai iya tsayawa a bagade ya miƙa Jibin Ubangiji ba muddin sarki yana wurin bai tuba ba, ya kuma ce an nuna masa haka cikin mafarki.

Sarki yana da sojoji, bishop ba shi da ko sanda. Duk da haka Tiyodosiyus ya sauko. Ya ajiye kayan sarauta, ya shiga majami'a ya yi kuka saboda zunubinsa a gaban talakawan da yake mulka. Tiyodoret ya ce sai da aka yi wata takwas, a lokacin Kirsimeti, kafin aka sake karɓarsa a teburin Ubangiji.

Da a nan labarin ya ƙare, da sai mu ce kowane bawan Allah ya tashi ya tsawata wa manya, mu rufe littafi. Amma akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, ni kuwa ina ganin ɓoye shi rashin gaskiya ne. Shekara biyu kafin kisan Tasalonika, a 388, wasu Kirista a garin Kallinikum, a bakin Kogin Yufiretis, inda birnin Raƙƙa na Siriya yake yanzu, sun ƙone majami'ar Yahudawa da zugar bishop ɗinsu. Tiyodosiyus ya yanke hukunci daidai: a hukunta masu laifi, bishop ɗin ya sake gina abin da aka ƙone. Wa ya hana? Ambros ɗin nan dai. Ya rubuta wa sarki, da hakan bai isa ba ya yi masa wa'azi a gaban jama'a, ya ƙi ci gaba da sujada sai da sarki ya yi alkawarin barin maganar gaba ɗaya. Mu da muka san yadda zuciya ke yi idan mutum ya tsaya a kan tokar wurin da yake sujada, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. An zalunci mutanen nan, bawan Allah kuma ya yi amfani da bagade ya hana a biya su.

Mutum ɗaya ne, ƙarfin hali ɗaya, makami ɗaya. Sau ɗaya ya yi daidai, sau ɗaya ya yi kuskure mai muni. Ashe ƙarfin hali ba shi ne shaidar cewa Ruhu Mai Tsarki ne ke magana ba. Mutum na iya tsayawa gaban sarki bai ji tsoro ba, yana kuwa kare ɓangarensa ne kawai. Idan muka ajiye al'amuran biyu gefe da gefe, bambancin yana fitowa ne daga tambaya ɗaya: wa zai amfana? A Kallinikum, Ambros ya yi magana don nasa su tsira daga biyan abin da suka ɓata. A Tasalonika, ya yi magana saboda matattun da ba za su iya gode masa ba, da kuma ran sarkin kansa, ya sa matsayinsa cikin haɗari, ya kuma bi ta hanyar da za ta bar wa mai laifi ƙofar dawowa. Haka Natan ya yi. Uriya Bahitte ne, ya riga ya mutu, ba abin da Natan zai samu daga wurinsa.

A nan maganar take zuwa gidanmu. Ba mu da Kaisar a cikin taronmu, amma muna da wanda ya sayi kwanon rufin majami'a, da wanda ya kawo janareta. Idan ya danne kuɗin leburorinsa, ko matarsa ta zo sujada da kumburarren ido, sau da yawa kowa yakan duƙar da kai, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan kuwa mai laifin shi ne mai riƙe da makirfo, sai a jawo ayar nan ta Zabura 105 da ta hana taɓa shafaffu a toshe bakin kowa. Sai dai Dawuda shafaffe ne, Sama'ila ne ya zuba masa mai a ka, Allah kuwa da kansa ya aiki Natan wurinsa. Gaya wa mutum gaskiya don ya rayu ba cutarwa ba ce. Kai kuma maigida, ke kuma uwargida, a cikin gidanku ku ne sarki. Akwai wanda ya isa ya ce muku kun yi laifi, gobe kuma ya ci abinci a gidan?

Saura uban nan ɗan kasuwa. Hawayen sarki sun dawo masa da 'ya'yansa? Ba su dawo da su ba, kada kuma mu yi kamar sun dawo. Na sha jin ana ba da labarin nan kamar nasarar ikkilisiya ce a kan fada, ana mantawa da cewa dubban gidaje sun yi makoki kafin a kai ga wannan nasara. Gafarar Allah gaskiya ce, jinin Yesu ya isa har ga mai irin wannan laifi, in ba haka ba da ba mu da bishara. Amma Natan, a bakin da ya shaida wa Dawuda an gafarta masa, a bakin nan ya shaida masa cewa yaron zai mutu. Gafara takan ɗauke hukuncin Allah daga kan mai tuba, ba ta cika mayar da abin da hannunsa ya fasa ba. Shi ya sa tuban da ya tsaya a kuka bai kai ba. Tiyodoret ya ce Ambros ya nemi sarki ya kafa doka cewa duk hukuncin kisa ya jira kwana 30 kafin a zartar, don fushi ya huce a sake dubawa, sarki kuma ya yarda. Mutumin ya gane ba zai iya amincewa da zuciyarsa ba a ranar fushi, sai ya ɗaure hannun kansa tun kafin ranar ta zo. Wanda ya san bakinsa yakan yi ɓarna idan ransa ya ɓaci, yana iya yi wa kansa irin wannan doka yau, ko ta kwana ɗaya ce.

Tiyodosiyus ya rasu a Milan a watan Janairu na 395, shi ne na ƙarshe da ya riƙe gabas da yammacin daular a hannu ɗaya. Bayan kwana arba'in Ambros ya yi wa'azin tunawa da shi a gaban sojoji da manyan fada. Ya ambaci nasarorinsa, ya ce ya ƙaunaci mutumin, domin ya fi son mai tsawata masa a kan mai yi masa fadanci. Bai kuma tsallake zunubin ba: ya tuna musu yadda sarki ya yi kuka a fili, yadda bai daina baƙin cikin laifin ba har ƙarshen ransa. A cikin masu sauraro akwai ɗansa Honoriyus, yaro ɗan shekara goma, wanda aka riga aka bar wa sarautar yamma.