Kowa Ya Sayi Rariya

Motar da ta taso daga Agadas ta nufi Damagaram sai ta ci kilomita kusan 160 kafin ta hango Aderbissinat. A tsakani akwai gangaren Tigidit, akwai rairayi, akwai wuraren da kwalta ta zaizaye har direba ya gwammace ya sauka ya bi gefen titi. Ruwa sai wanda aka ɗauro a jarka. Injin da ya yi ta rurin lafiya a filin dillalai, wannan hanya ce take yi masa tambayar kabari, kuma ba ta karɓar rantsuwa.

Kusan duk motar da ke bin wannan hanya ta hannu ce. A shekarun 1980 Turawa 'yan yawon buɗe ido ne ke ratso Sahara ta Aljeriya da Peugeot 504, su sayar a Arlit ko Agadas su koma gida. Daga baya tashar jiragen ruwa ta Kwatano da ta Lome suka karɓe harkar. Wani rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙirga tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da suka fita daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari kuwa Afirka suka nufo. Ga kuma Hilux da ke shigowa ta Libiya, waɗanda kasuwarsu ta buɗe sosai bayan an ga zinariya a Jado a 2014. Kafin irin wannan mota ta iso hannun mutumin Aderbissinat ta wuce hannu uku ko biyar, kowane hannu da abin da ya gyara da abin da ya rufe.

A ɗauki misalin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a tasha. Makiyayi ya sayar da raƙuma, ya haɗa da abin da ya tara, ya je Agadas ya sayo Hilux don jigilar mutane da awaki zuwa kasuwannin ƙauye. Kwana huɗu injin ya buga. Bakanike ya kwance ƙusar ƙasa, man da ya zubo ya fito da kauri kamar maɗi. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya duba mai motar, ya ce masa wannan ba baƙin mai ba ne na ƙa'ida, an ɗura shi ne don ya danne ƙara da hayaƙi. Mai mota ya kira wanda ya sayar masa.

"Alhaji, motar nan fa ta kwanta."

"Subhanallahi! To Malam, ai sai haƙuri. Da idonka ka gani, ka zagaya da ita, bakanikenka ya duba. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa."

Karin maganar nan ita ce garkuwar masu sayar da tsofaffin motoci daga Agadas har Kano, kuma ba a ce babu gaskiya a cikinta ba. Wanda ya biya kuɗin tsohuwa bai da hujjar neman lafiyar sabuwa. Sai dai rariya ba ta ɓoye hudojinta; mai saye yana ɗaga ta ya hango rana ta ciki. Rikicin yana tashi ne a kan hudar da aka liƙe da gangan.

Malaman zaure sun san wannan mas'ala tun kafin a ƙera mota. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannu cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake, sai ya tuhumi mutumin da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma nesanta mai algus daga kansa. Akwai wani hadisin da ya fi kusa da mutanen Aderbissinat, garin da arzikinsa ke tafiya da ƙafa huɗu. Shi ne na taguwa ko tunkiyar da ake ƙin tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. An ba wanda aka yi wa haka zaɓi bayan ya tatsa ya gane: ko ya riƙe, ko ya mayar ya haɗa da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya sha. Mai mai kauri a cikin gajiyayyen inji, da agogon kilomita da aka juya baya, da sabon fenti a kan ƙarfen da aka yi wa walda bayan haɗari, duk hantsa ce da aka ɗaure.

Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, tana hannun kusan kowane ɗalibin fiƙihu a ƙasar Hausa, kuma ma'aunin da ta kafa a babin ciniki ya fi na kasuwa tsanani. Ba ƙarya kaɗai ta hana ba. Ta hana mai kaya ya yi shiru a kan duk abin da, da ya faɗa, mai saye zai ja da baya ko ya rage tayi. Ke nan Alhajin da ya ce "ai ba a tambaye ni ba" bai tsira ba. Shirun nasa ma magana ce, kuma an biya shi kuɗinta.

To idan ya ce tun farko ya gindaya sharaɗi cewa abin da aka gani shi aka saya, ba dawowa? Hanafawa sun yarda da irin wannan sharaɗi da faɗi. Malikawa sun ƙuntata shi ƙwarai, kuma ko inda suka yarda da shi, bai rufe aibin da mai sayarwa ya sani ya ɓoye ba. Muwaɗɗa ta kawo shari'ar da ta zama madogara. Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa a kan dirhami 800 bisa sharaɗin kuɓuta daga kowane aibi. Mai saye ya dawo ya ce akwai cutar da ba a gaya masa ba. Halifa Usmanu bai tsaya kan sharaɗin ba, sai ya nemi Ɗan Umar ya rantse cewa bai san da cutar ba lokacin ciniki. Ɗan Umar ya ƙi rantsewa, ya karɓi bawansa ya mayar da kuɗi. Abin lura shi ne tambayar da alƙalin ya zaɓa: me ka sani ranar da ka ce "na sallama"? Wannan tambaya ba bakanike ke amsa ta ba, ba kuma takarda ba. Amsarta tana cikin ƙirjin mutum ɗaya, shi ya sa shari'a ta kai shi gaban rantsuwa.

Amma adalci ba ya nufin duk mai kuka shi ke da gaskiya, kuma a nan ne masu wa'azi kan yi gaggawa. Akwai direban da zai lafta wa Hilux buhunan gero har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, ya ɗora mutane a sama, ya manta lagireto babu ruwa, sannan ya dawo yana kiran sunan Allah yana cewa an cuce shi. Fiƙihu bai bar mai sayarwa a hannun irin wannan ba. Wanda ya gano aibi ya ci gaba da aiki da kaya ba tare da larura ba, ana ɗaukar ya yarda. Idan wani sabon lahani ya auku a hannunsa, ko dai ya riƙe a rage masa gwargwadon tsohon aibin, ko ya mayar ya biya na sabon. Kuɗin jigilar da ya samu a kwanakin da motar take hannunsa nasa ne, tunda da ta ƙone a lokacin shi za ta ƙone wa. Muhtasar Halil ma ya ware wani nau'in aibi da ba a mayar da kaya saboda shi: wanda ba mai iya saninsa sai an fasa abin, kamar ɓarnar ƙwaro a cikin itace. Inji yana da irin wannan ciki. Ƙarfe kan gaji a inda ido bai kai ba, kuma mai gaskiya ma yakan sayar da motar da ajalinta ya kusa bai sani ba. A nan kalmar ƙaddara tana wurinta. Abin da ya ɓata ta shi ne yadda ake aronta a lulluɓe man da aka ɗura da hannu.

Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya rubuta maƙala a 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2001. Ya nuna cewa idan masu saye ba sa iya bambance mai kyau da ruɓaɓɓiya, kowa zai yi tayin ruɓaɓɓiya, mai mota mai kyau ya ce albarka ya janye, kasuwa ta rage sai tarkace. Wato algus ɗin mutum ɗaya haraji ne a kan maƙwabcinsa mai amana.

Saura dillali, wanda zomo ke fushi da shi fiye da makashinsa. A kasuwar dabbobi matsayinsa sananne ne: shi ya san mai raƙumi, shi ke tsayawa cewa ba na sata ba ne, shi ake nema idan magana ta taso, kuma la'adarsa kuɗin wannan tsayuwar ce. Da yawa daga dillalan mota sun gaji la'adar sun bar tsayuwar. Ana ƙirga kuɗi su karɓi nasu ta ɓangare biyu, ranar da mota ta kwanta kuwa wayarsu a kashe. Alhali mafi yawan irin wannan rigima ba ta zuwa gaban alƙali. A zaure ake kashe ta, ko a rumfar shugaban tasha, kuma shaidar dillali ce ke nuna ko Alhaji ya san da ƙarar injin ko bai sani ba.

Akwai kuma ƙofar da ba a tilasta wa kowa shiga, wadda malamai ke kira iƙala: mai saye ya yi nadama ba tare da wani aibi ba, mai sayarwa ya karɓi kayansa ya mayar da kuɗi don Allah. Abu Dawuda ya ruwaito alkawarin yafiya ga mai yin haka. A harkar mota abu ne mai nauyi, don kuɗin sau da yawa sun riga sun tafi Lome sayen wata. Abin da aka fi gani shi ne sulhu: Alhaji ya ɗauki kuɗin inji na gwanjo, mai mota ya ɗauki na bakanike, a yi ta ja-in-ja a kan wanda zai biya babbar motar da za ta jawo Hilux ɗin daga Aderbissinat zuwa Agadas.