Baƙon Dole

Baƙi iri biyu ne a duniya. Akwai wanda ya ɗaure kayansa da hannunsa, ya yi sallama da iyalinsa, ya fita fatauci ko cin rani ko neman karatu, ya kuwa san lokacin komawarsa. Akwai kuma wanda yunwa, ko yaƙi, ko ambaliyar ruwa ta fisge shi daga ɗakinsa, ya fita ba guzuri, ba sallama, bai ma san inda zai kwana ba. Wannan na biyun shi ne baƙon dole, wanda yanzu ake kira ɗan gudun hijira. Tambayar da ta kamata kowane mai hankali ya yi wa kansa ita ce, abin da aka ba wannan mutum sadaka ce wadda mai ita ya ga dama ya bayar, ko kuwa haƙƙi ne wanda in an hana shi an yi zalunci? Amsar da aka bayar ita ke nuna yadda za a riƙe shi, da inda za a sauke shi.

Wannan magana ba sabuwa ba ce ga mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, gama mazauninsu a bakin hanya yake. Hanyar da ta taso daga Damagaram ta biyo Daura, ta Kazaure take ratsawa kafin ta shiga Kano, Babura kuwa tana daf da iyakar Nijar, wajen Magarya. Cikin 1913 damina ta ƙi, sai aka yi babbar yunwar nan ta 1914 wadda ake kira Kakalaba. Jama'a suka kwararo daga arewa suka nufi Kano neman abin sa wa a baka, da yawa suka mutu a hanya. Bayan shekara 60, watau cikin 1973 da 1974, fari ya sake cinye dabbobin Buzaye da Fulani, masu garke suka wayi gari ba ko akuya. Waɗansu suka gangaro Nijeriya suka kama gadi a birane, dubbai kuma aka tara su a wani sansani da ke gefen Yamai, mai suna Lazare, wanda yau ya zama unguwa a cikin birnin. Bayan wannan fari ne gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar agaji cikin 1976, wadda aka sāke wa tsari cikin 1999 ta zama NEMA.

Hanya biyu ake bi wajen saukar da baƙon dole. Ta farko ita ce ta iyaye da kakanni: mai gari ya raba baƙi ga masu gida, wannan ya ba da zaure, wancan ya ba da dami, wani ya ranta gona. Ta biyu ita ce ta sansani, inda hukuma ke keɓe fili, ta kafa tantuna, ta rubuta sunaye, ta raba abinci bisa ƙa'ida. Kowace tana da amfaninta. Gida yana rufa wa mutum asiri, amma in baƙi suka fi masu gari yawa rumbu ba ya kai ko'ina. Sansani yana iya ciyar da dubbai a yini guda, yana kuma sauƙaƙa wa likita aikinsa. Masana aikin agaji sun ƙayyade cewa kowane mutum yana bukatar aƙalla lita 15 ta ruwa kullum, da salga ɗaya ga mutum 20, domin in an gaza haka amai da gudawa da ƙyanda sukan kashe yara fiye da abin da suka gudo dominsa. Irin wannan lissafi ya fi ƙarfin mai unguwa shi kaɗai.

To, amma sansani yana da wata cuta wadda ba ta jin allura. Manomin da ya saba cika rumbunsa, ya fid da zakka, ya ciyar da almajirai, sai ga shi tsaye a layi da kati a hannu yana jiran yaro sa'an ɗansa ya auna masa gero. Wata ɗaya yana iya haƙuri, amma in abin ya kai shekaru zuciya takan mutu. A ƙasar Kenya akwai sansanin Dadab, wanda aka buɗe cikin 1991 domin mutanen Somaliya. Waɗanda aka haifa a can sun girma har sun haifi nasu 'ya'yan a can. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A nan mai gardama zai ce, talakan Gwiwa ko na Roni shi kansa bai ƙoshi ba, yaya za a ɗora masa nauyin wani? In ya ba da, ya yi alheri. In ya hana, ba wanda zai tuhume shi. Maganar tana da nauyi, gama ba a tilasta wa mutum abin da ba shi da iko. Duk da haka akwai dalilai uku da ke nuna cewa taimakon baƙon dole haƙƙi ne a kan jama'a baki ɗaya, kowa gwargwadon ƙarfinsa.

Dalili na farko shi ne, abin da ya kore shi ba laifinsa ba ne, ba kuwa wanda ya fi ƙarfin irinsa. Cikin 1914 da 1974 mutanen arewa ne suka gangaro kudu. Cikin 2019 sai abin ya juya: 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, mutane fiye da 40,000 suka haura jihar Maraɗi kafin ƙarshen shekarar, talakawan ƙasar Gidan Rumji suka buɗe musu ƙofofinsu. Jikokin waɗanda aka sauka jiya su ne masu masaukin yau. Cikin 2022 kuma ruwa ya ci gidaje da gonaki a Jigawa, musamman wajen Ringim da Haɗejiya, masu gida suka koma kwana a azuzuwan makaranta. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

Dalili na biyu na addini ne. Matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin mutum takwas da aka yanka wa rabo a zakka, ko da shi mawadaci ne a garinsu, abin da aka yanka wa mutum kuwa nasa ne. Mutanen Madina sun raba gidajensu da dukiyarsu da waɗanda suka yi hijira daga Makka cikin 622. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo shi kansa ya bar Ɗagel zuwa Gudu cikin 1804. Ashe gudun hijira ba abin kunya ba ne, tun da manyan bayin Allah sun ɗanɗana shi.

Dalili na uku na doka ne. Cikin 1951 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a Janiba cewa ba za a mai da wanda ya ƙetare iyaka wurin da ake neman ransa ba. Ƙasashen Afirka suka faɗaɗa ta a Adis Ababa cikin 1969, sa'an nan cikin 2009 suka ƙulla wata a Kamfala domin wanda aka kora amma bai fita ƙasarsa ba. Nijeriya da Nijar duk sun sa hannu. Alkawari kuwa kaya ne.

In an yarda haƙƙi ne, to, abubuwa huɗu sun biyo baya. Na farko, mai rabon kayan agaji ɗan aike ne kawai, kayan ba nasa ba ne. Wanda ya karkatar da buhu ɗaya zuwa kasuwa, ko ya sa sunan ƙaninsa a takarda, ya ci amanar mai yunwa. Wannan laifi ya taɓa girgiza mulki: lokacin da Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Jori Hamani cikin Afrilu 1974, zargin wasa da abincin agaji yana cikin manyan dalilan da sojoji suka kawo. Maganin abin shi ne a karanta sunaye a bainar jama'a, a auna a gaban dattawan baƙin da matansu, kowa ya san abin da ya zo da abin da ya fita.

Na biyu, a tsare mutuncin mai karɓa. Wanda ya zo karɓar haƙƙinsa ba a sa shi durƙuso, ba a daka masa tsawa, ba a mai da hawayensa abin talla. A tambaye shi abin da yake bukata, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mafi girma duka, a bar shi ya yi aiki. A jihar Maraɗi hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijar sun gwada wata dabara: suka janye baƙi daga bakin iyaka suka zaunar da su a jikin ƙauyuka kamar Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda rijiya da asibiti da makaranta suka zama na baƙi da 'yan gari gaba ɗaya. Wannan ya haɗa ƙarfin hukuma da rufin asirin gida.

Na uku, kada a manta da mai masauki. Sa'ad da rikicin Boko Haram ya raba mutane fiye da miliyan 2 da gidajensu wajen 2015, mafi yawansu a gidajen 'yan'uwa da na mutanen kirki suka sauka, har cikin Jigawa da Kano. Waɗannan masu gida sun ciyar ba tare da an rubuta sunansu ko'ina ba. In mota ta sauke wa baƙo shinkafa ta wuce wanda ya ƙarar da rumbunsa dominsa, an shuka ƙiyayya tsakanin mutum biyu da ke zaune lafiya. Wannan ita ce amsar mai gardamar nan: ba a ce talaka ya ɗauki nauyin shi kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, sansani zango ne, dole wata rana a tashi, amma tashin yana da sharaɗi. Cikin 2021 gwamnatin Barno ta fara rufe sansanonin Maiduguri, har da babban nan na Bakasi, tana cewa dogon zama yana kashe zuciyar neman na kai. Waɗansu suka yi murna da komawa gonakinsu, waɗansu suka koka cewa garuruwansu ba su zauna lafiya ba tukuna. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin da adalci ke nema shi ne a gaya wa mutum ainihin halin da garinsa ke ciki, a ba shi iri da fartanya da abin da zai ci kafin kaka, sa'an nan a bar shi ya zaɓa. Wanda aka kora sau ɗaya bai kamata a sāke korarsa da sunan taimako ba.

Ƙasar da ke bakin hanya ba ta rabuwa da baƙi, kuma ba wanda ya san shekarar da fari ko ruwa ko tashin hankali zai ƙwanƙwasa ƙofarsa. Mai gidan da ya shimfiɗa wa baƙon dole tabarma bashi ya biya, wanda kakanninsa suka ci, ya kuma ajiye wa jikokinsa abin da za su tarar. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya mai da kowane baƙo ɗakinsa lafiya, amin.