Malamai Biyu Cikin Aji Ɗaya

Akwai wata tambaya da ta ke damun kowane mutum mai aiki tare da wani. In abokin aikinka yana ɓata maka aiki, kai kuwa ba ka da iko a kansa, me ya wajaba ka yi? Ka haɗiye ka yi shiru, ko kuwa ka buɗe baki? Wannan wata muna so mu auna tambayar nan bisa ga wani aiki da a ke yi nesa da mu, can ƙasashen gabas, gama sau da yawa mutum ya fi ganin al'amari sosai in ba cikin gidansa ya ke faruwa ba.

Yadda aikin ya ke

Cikin shekarar 1987 gwamnatin Japan ta kafa wani shiri mai suna JET, domin a riƙa kawo samari da 'yan mata daga ƙasashen waje su taimaka wajen koyar da Turanci a makarantunta. Shekarar fari mutum 848 suka zo, daga ƙasa huɗu, watau Amurka da Birtaniya da Ostareliya da Niyuzilan. A shekarar 2019 yawansu ya haura 5,000, daga ƙasashe fiye da 50. Koriya ta Kudu kuma ta kafa nata shirin, mai suna EPIK, a 1995.

Dabarar mai kyau ce. Baƙo yana da harshen a bakinsa. Ɗan ƙasa kuwa ya san yaran, ya san littafin, ya san irin jarrabawar da ke jiransu. Sai a haɗa su biyu gaban allo ɗaya, kowa ya kawo abin da ɗan'uwansa ya rasa. Amma ba a haɗa su daidai wa daida ba. Cikin shirin Japan ba a tilasta wa baƙo ya kawo takardar shaidar malanta, ko ya iya harshen ƙasar. In ya gama jami'a yana da iko ya nema. Saboda haka sunansa mataimaki. Ajin na malamin ƙasar ne, shi ke riƙe da takardar izinin koyarwa, shi kuma za a tambaya in yara sun faɗi. Yarjejeniyar baƙo ta shekara ɗaya ce, a kan sabunta ta har zuwa shekara 5 in ta yi tsawo.

Kukan baƙo

Koke-koken baƙin nan kusan iri ɗaya ne ko'ina. Wani ya ce an mai da shi rakoda: ya tsaya gefen allo, in an ce ya karanta layi ya karanta, yara su maimaita, ya koma ya yi shiru har a kaɗa ƙararrawa. Wani ya ce ba a gaya masa darasin yau sai suna kan hanyar shiga aji. Wani ya kwana yana shirya darasi, da safe ya tarar an soke ajin, kowa ya sani sai shi kaɗai. Wani kuma nasa kukan dabam ne: abokin aikinsa ya kan sakar masa ajin duka, ya koma baya ya zauna yana duba takardu, yara suna surutu da harshen da baƙon ba ya ji. A Koriya har suna da suna domin ranakun hutun makaranta da a kan sa baƙo ya zo ya zauna ba aikin kome. Suna ce da shi ɗumama kujera.

Kada mu raina kukan nan. Mutum ya bar iyayensa ya ƙetare teku domin ya yi aiki, sa'an nan ya ga ba a bukatarsa. Rashin aiki a tsakiyar masu aiki ciwo ne, ko da albashi yana zuwa kowane wata. Kuma ba shi da wurin kai ƙara da sauƙi, gama sau da yawa wanda ya ɓata masa rai shi ne mai yi masa tafinta.

Kukan ɗan gari

Amma alƙalin kirki ba ya yanke shari'a da jin bakin mutum ɗaya. Bari mu ji malamin ƙasar. Binciken da ƙungiyar OECD ta yi a 2018 ya nuna malaman ƙaramar sakandare na Japan suna aikin sa'a 56 a mako, sun fi na dukan ƙasashen da aka auna, waɗanda matsakaicinsu wajen sa'a 38 ne. Banda koyarwa, su ke lura da wasannin yara bayan an tashi, su ke fama da iyaye da takardun ofis. Ina mutumin nan zai sami sarari ya zauna shirya darasi da baƙo, cikin harshen da shi ma koyonsa ya yi? Ga kuma jarrabawar shiga babbar makaranta, wadda ta fi duban karatu da nahawu bisa ga magana. In ya ba da rabin lokaci ga wasannin baƙo, yara kuwa suka faɗi, ba baƙo za a zarga ba.

Har wa yau shekarar makaranta a Japan tana farawa cikin Afrilu, yawancin baƙin JET kuwa suna sauka wajen ƙarshen Yuli ko Agusta, sa'ad da aiki ya riga ya yi nisa. Kafin su saba da juna, ko baƙo ya koma gida, ko a yi wa malamin canjin makaranta. A Koriya, malamin da aka haɗa da baƙo shi ya kan ɗauki wahalar masaukinsa da banki da takardun zama, sau da yawa kuwa ba shi ya nemi aikin ba. Akwai kuma wani tsoro da ba a faɗinsa. Mutum ya shekara ashirin yana koyar da Turanci, yau ga yaro sa'an ɗansa tsaye kusa da shi, wanda zai ji kowane kuskuren bakinsa. Wane ne cikinmu zai ji daɗin wannan?

Ashe da yawa daga abin da baƙo ke kira mugun hali, gajiya ce da tsoro. Wani abin ma laifin tsari ne. A Japan akwai baƙin da kamfanoni ke ɗauka su aika makarantu, kuma ƙarƙashin wani irin kwantiragi doka ba ta yarda malamin makaranta ya ba baƙon umarni kai tsaye ba, sai ta hannun kamfanin. Mutum biyu ke nan cikin aji ɗaya, an ce su yi aiki tare, an kuwa ɗaure musu baki.

Amsa biyu da ba su isa ba

To, me ya wajaba baƙo ya yi? Waɗansu sun ce ya yi shiru, gama baƙo raɓa ne, gobe ba ya nan. Akwai gaskiya a ciki. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma wanda ya kwana bakwai a gari ya fara gyara wa mutane al'adarsu, wauta ya yi. Watannin fari na tambaya ne da kallo. Amma akwai shirun da ba haƙuri ba ne. Mai haƙuri yana nan yana aiki, yana jiran lokacin magana. Wanda ya ce cikin zuciyarsa, ba ruwana, in dai za a biya ni, wannan ya riga ya ajiye aiki ko da jikinsa yana zuwa aji. Kuma irin shirun nan ba ya zama shiru. Abin da aka ƙi faɗa wa mai laifi a fuskarsa, a kan faɗe shi ran Asabar wurin taron baƙi 'yan'uwa, ya zama tsegumi. Zuciya ta yi sanyi kaɗan, aji kuwa yana nan yadda ya ke.

Waɗansu kuma sun ce gaskiya gaskiya ce, a faɗe ta ko'ina. In malami ya furta kalma ba daidai ba, a gyara masa nan take gaban yara. Waɗannan sun manta da lissafi. Baƙo zai tafi bayan shekara ɗaya ko biyu, malamin nan kuwa da shi yaran za su zauna. In ka gyara kalma ɗaya ka zubar masa da girma gaban yara arba'in, ka ba su kalma ɗaya ka ƙwace musu malami. Mu da muka san kara da kunya bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Mutanen Japan suna da wata kalma, nemawashi, wadda asalinta aikin mai lambu ne: in zai ciro itace ya dasa wani wuri, ya kan fara haƙa kewaye da saiwoyin tun da wuri, domin kada itacen ya mutu. Haka su ke yi da shawara. A kan bi mutum a keɓe a shirya zuciyarsa kafin a kawo magana gaban jama'a. Wannan ba munafunci ba ne muddin maganar da aka faɗa a keɓe gaskiya ce.

Ma'aunin da ya kamata

A ganinmu tambayar ba ta warwaruwa sai an tuna da mutum na uku cikin ɗakin, watau yaran. Domin su aka gina aji, domin su aka sayi tikitin jirgi. Saboda haka kafin baƙo ya yi shiru ko ya yi magana, sai ya tambayi kansa, abin nan wa ya ke cuta?

In girman kansa kaɗai ya taɓa, kamar an manta a gaishe shi, ko an ɗauki dabararsa ba a ambaci sunansa ba, sai ya haɗiye. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ba kowace ƙaya a ke tsayawa cirewa ba in tafiya tana da nisa.

In kuwa aikin ya ke cuta, kamar yara sun shekara ba su buɗe baki da Turanci ba alhali ga mai harshen tsaye, to, magana ta zama wajibi. Amma a keɓe, ba ranar fushi ba, kuma da abu a hannu. Wanda ya ce, ba ka ba ni aiki, ƙara ya kawo. Wanda ya ce, ga wani abu na minti goma da na shirya bisa shafin da za ka koyar gobe, ko za ka duba, wannan ya rage wa ɗan'uwansa kaya. Mutum mai gajiya ya fi saurin karɓar na biyu.

In kuma yaran kansu a ke cuta, da duka ko da wulakanci, nan kara ta ƙare. Dokar makarantu ta Japan ta hana dukan yara tun 1947. Wanda ya gani ya yi shiru domin yana tsoron kada a ƙi sabunta masa yarjejeniya, ya sayar da yaro ya sayi shekara ɗaya. Sai ya kai magana ga shugaban makaranta ko ga hukumar da ta ɗauke shi, ko da za ta jawo masa hasara.

Nauyin mai masauki

Kada fa a ɗora wa baƙo kayan duka. Wanda ya fi iko shi ya fi nauyi. Ɗan gari yana da harshe da dangi da aiki tabbatacce, baƙo kuwa masaukinsa da izinin zamansa suna rataye ga aikin nan. Gajiya hujja ce, amma ba ta hana mutum ya ce, gobe babu aji. Malamin da ya ajiye abokin aikinsa a gefe domin kada a ji kuskurensa, ya tsare mutuncinsa da abin da ya ke hakkin yara ne. Wanda kuwa ya iya juyawa gaban aji ya tambayi baƙo, yaya a ke faɗin wannan, ya koya wa yara abin da babu cikin littafi, watau babba ma yana koyo, ba kuwa abin kunya ba ne.

Lalle akwai mutumin da ko an bi dukan hanyoyin nan ba zai sake ba. In baƙo ya gamu da irinsa, sai ya cika alkawarinsa da aminci har ranar da yarjejeniya ta ƙare, ya yi alherin da hannunsa ya kai, ya tafi ba da zagi ba. Kada ya auna al'umma duka da mutum ɗaya. Ya tuna kuma wani baƙo zai zo bayansa ya zauna kan kujerar nan, sunan da ya bari kuwa shi na bayan zai gada.

Mu ma fa

Al'amarin nan ba na mutanen gabas kaɗai ba ne. Tun 1961 Amurka ta fara aiko samarin Peace Corps zuwa Nijeriya, yawancinsu kuwa koyarwa suka yi a makarantun sakandare tare da malamanmu. A 1987, shekarar da Japan ta kafa nata shirin, Nijeriya ta kafa shirin aika ƙwararrunta, har da malamai, su yi aikin shekara 2 cikin ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Pasifik. Ashe mun zama masu masauki, mun kuma zama baƙi.

Saboda haka, ya mai karatu, dubi wanda aka haɗa ku aiki, a makaranta ko asibiti ko ofis. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In kai ne ɗan gari, yaushe rabonka da ka tambayi baƙon abin da ya iya? In kai ne baƙo, ka san kayan da ke kan mai masaukinka? In kuwa akwai maganar da ka daɗe kana faɗa wa kowa banda mai ita, makon nan ka neme shi a keɓe ka faɗa masa.