Shata Kake Yabo Ko Ƙuruciyarka?

Ran nan a Babbar Kasuwar Katsina, a rumfar wani mai tura waƙoƙi a waya, na tarar gardama ta kaure. Wani dattijo ke ce wa saurayi, "Yaro, daina ɓarnar kuɗi, sa a tura maka Shata." Saurayin ya ce, "Baba, ni fa Hamisu Breaker nake ji." Dattijo ya ja tsaki.

Ni ma masoyin Shata ne, ba na ɓoyewa. Amma tambayar da ta hana ni sakat ita ce: in muka ce wa wani "saurari wane", waƙar muke miƙa masa ko kuwa kewar zamaninmu? Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ba a ma haifi yaron nan ba. Bai taɓa zama gaban rediyo da dare kalangu na tashi ba. To laifinsa ne in Bakandamiya ba ta motsa shi ba?

Wasu kan ce son waƙa kamar miya ne, kowa da wadda ke masa daɗi. Ban yarda da wannan ɗungurungum ba. Akwai gwanintar da ake iya nunawa: yadda Shata ke ƙaga baiti nan take, 'yan amshi na cafewa. Ga kuma littafin Shata Ikon Allah na 2006 ga mai son ƙarin bayani. Da dattijon ya zaunar da yaron ya nuna masa wannan, da ya yi masa kyauta. Shi kuwa ko tambayar abin da yaron ke ji a cikin Jaruma bai yi ba.

Saurayin dai ya biya kuɗinsa, ya toshe kunne da Breaker, ya nufi bakin ƙofa.