Shin Kotu Na Iya Mayar Da Abin Da Ya Wuce?

Ɗalibin da ya shafe shekaru a tsangayar shari'a yana haddace rabe-raben haƙƙoƙi, yana bambance alkawarin da ya ƙullu da wanda bai ƙullu ba, ranar da ya zauna a darasin farko na babin mayar da haƙƙi, wato abin da kotu ke bai wa wanda aka zalunta bayan gaskiyarsa ta tabbata, a ranar ne zai tarar da mas'alar da ta girmi kotunan duniya duka: idan ɓarna ta riga ta auku, da me za a gyara ta?

Magabata ba su ɗauki wannan babi da wasa ba. A cikin wasiƙarsa ga Abu Musal Ash'ari kan ladubban alƙalanci, Sayyadina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya nuna cewa faɗin gaskiyar da ba za a zartar ba ba shi da wani amfani. A Ingila ma, a shekarar 1703, da wani ɗan doka na gari ya hana Matthew Ashby, mai gyaran takalma, jefa ƙuri'a, ya kai ƙara, aka ce ai bai yi asarar komai ba tun da waɗanda yake so sun ci zaɓen, sai Babban Joji Holt ya tsaya shi kaɗai a kan cewa duk haƙƙin da shari'a ta tabbatar lalle ne a sami hanyar ƙwato shi, daga bisani kuma Majalisar Dattawan ƙasar ta bi ra'ayinsa.

To, amma ƙwatowa iri-iri ce, kuma a nan zurfin babin yake. Asalin dokar Ingila shi ne a biya kuɗi, gwargwadon abin da zai mayar da mai ƙara matsayin da zai kasance da ba a cuce shi ba. Tilasta wa mutum ya cika alkawarinsa da ainihinsa kuwa, ko hana shi aikata wani abu, wata kotu ce daban, ta Shansila, ke bayar da su inda kuɗi suka gaza, har aka haɗe kotunan biyu da dokokin 1873 zuwa 1875, Nijeriya kuma ta gaji wannan tsari. Malaman fiƙihu sun fara daga ɗaya gefen: wanda ya ƙwace abu ya mayar da shi da kansa muddin yana nan, in ya salwanta ya biya misalinsa idan abin awo ne kamar gero da dawa, in ba shi da misali ya biya ƙimarsa. An ruwaito cewa da akushi ya fashe a ɗakin ɗaya daga matan Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sai ya mayar wa mai shi da lafiyayye a madadinsa.

Sannan akwai mas'alar iyaka, domin ɓarna tana haihuwa, 'ya'yanta ma su haihu. A 1853 sandar injin niƙa ta karye wa wani mai suna Hadley a garin Gulosta, ya ba masu dakon kaya su kai ta inda za a ƙera sabuwa, suka yi jinkirin kwanaki, injin yana tsaye. Kotu ta ƙi ɗora musu ribar da ya rasa, bisa hujjar cewa ba a sanar da su cewa ba shi da wata sandar ba, mutum kuwa ba ya lamunin abin da hankali bai hango ba lokacin ƙulla alkawari. Hukuncin yana da hikima, amma mai lura zai ga cewa asarar ta auku haƙiƙatan, kotu dai ta zaɓi wanda zai ɗauke ta.

Idan haka lamarin dukiya yake, ina ga rai da gaɓoɓi da mutunci? Shari'a ta ƙayyade diyyar rai raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000 a mazhabar Malikiyya, alhali babu malamin da ya taɓa cewa wannan shi ne farashin ɗan Adam. An ƙayyade ta ne don a kashe wutar gaba, a tallafi marayu, a kuma rufe ƙofar ciniki a kan jini. Shi ya sa aka ajiye afuwa kusa da ƙisasi, aka kwaɗaitar da ita. Wanda aka ɓata wa suna, ko da an biya shi, magana zarar bunu ce.

Abin da nake gani shi ne, wannan babi yana koyar da tawali'u fiye da lissafi. Alƙali yana hukunci da zahiri, yana auna abin da ke aunuwa, saura kuma yana nan a wuyan azzalumi, domin alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Saboda haka malamai suka sanya mayar da kayan zalunci ko neman yafiyar mai su cikin sharuɗɗan tuba, hadisi kuma ya siffanta matsiyacin gaskiya da wanda zai zo ranar hisabi da salla da azumi, a rabe ladansa ga waɗanda ya cuta.

Don haka, ya kai mai shirin shiga wannan darasi, duk shari'ar da ka karanta, kafin ka rufe littafin ka tambayi kanka abu biyu: da me mai ƙara ya koma gida, me kuma ya rage wanda kotu ba ta iya ba shi ba? Lauyan da ya san amsar ta biyu ba zai yi wa mai neman taimakonsa alkawarin abin da ba ya hannun alƙali ba, kuma zai san ranar da sulhu ya fi ƙara alheri. Allah ya sa mu gama da duniya ba da haƙƙin kowa a kanmu ba.