Wa Zai Tsaya Da Mace Mai Ciki Mai Wuya?



A cikin Bishara ta hannun Markus, sura ta 5, mun ji labarin matar da ta yi shekara 12 tana zubar jini, ta ƙarar da abin hannunta wurin masu magani, sauƙi bai samu ba. Irinta ba su ƙare ba, saboda su ne kuwa muke so mu yi magana a kan horon likitoci.

A ƙasar Amurka, bayan likita ya yi shekara 4 yana ƙwarewa a kan ciki da haihuwa, yana iya ƙara shekara 2 yana koyon tsarin iyali domin matan da lamarinsu ya yi wuya, kamar mai ciwon zuciya, ko ƙoda, ko daji, ko wadda cikinta ya zauna a kan tabon tiyatar haihuwar baya. An soma wannan horo a Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko a 1991, a 2018 kuma hukumar ƙwararrun likitocin ƙasar ta amince da shi, ya zama fanni mai zaman kansa.

Ba za mu ɓoye muku ba, babban sashe na horon nan magungunan hana ɗaukar ciki ne da zubar da ciki, har cikin da ya yi nisa. Eklesiya ba ta yarda da wannan ba. Paparoma Bulus na 6 ya bayyana haka a wasiƙarsa Humanae Vitae a 1968, Yohanna Bulus na 2 ya ƙarfafa tsaron ran ɗan da ke ciki a Evangelium Vitae a 1995.

Amma 'yan'uwa, hani ba ya warkar da zuciya mai ciwo. In likitan da ya fi kowa sanin cutar mace shi ne wanda aka horar a can, wurinsa za ta nufa. A wasiƙar nan tasa, Bulus na 6 ya roƙi likitoci su nemi ilimi mai zurfi domin su ba ma'aurata shawara ta gari. Dakta Thomas Hilgers ya amsa kiran, ya kafa cibiya a Omaha a 1985, inda ake koya wa likitoci bin alamun jikin mace da yi mata magani ba tare da taɓa ran ɗa ba. Sai dai hanyar lura da alamun jiki tana bukatar ƙwararren malami, ta fi wuya kuma ga mai shayarwa wadda al'adarta ba ta dawo ba. Da yawa cikinmu ma ba su san cewa Eklesiya ta yarda a cire bututun da ciki ya maƙale a cikinsa, ko mahaifa mai ciwon daji, domin ceton uwa ba, ko da ɗan ba zai rayu ba, tun da ba mutuwarsa ake nufi ba.

Kada mu ce zancen Amurka ne kawai. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka rubuta yadda zuciyar mata ke kasawa bayan haihuwa a ƙasarmu. Wadda zuciyarta ba ta farfaɗo ba, wani ciki yana iya zama ajalinta. Maigida, in likita ya ce a dakata, ka dakata, haƙurin naka ne kafin ya zama nata. Ku iyayen da 'ya'yanku ke karatun likita, ku ƙarfafa su su zaɓi fannin mata da haihuwa, su zurfafa har ga cututtukan nan masu wuya, gama asibitocin mishan ɗinmu suna jiransu.